Wankin Mota na Tafi-da-gidanka: Janareta, Batir ko Sola?



Duk wanda ke ajin ƙarshe na difloma ya san tambayar da ke jiran sa a bakin get: bayan an gama, sai kuma me? Akwai shekara guda ta koyon aiki kafin a dawo babbar difloma, ga wanda Allah ya nufa da dawowa, kuma ba kowa ke dacewa da wurin da za a riƙa ba shi ko da kuɗin sabulu ba. Shi ya sa hirar sana'a ta yi yawa a ɗakunan kwana da bakin masu shayi. Cikin sana'o'in da ake yawan ambata akwai wankin mota na tafi-da-gidanka. Maimakon mai mota ya je wurin wanki ya zauna jiran layi, kai ne za ka same shi a ƙofar gida ko ofis, ka wanke ciki da waje, ka goge, ka karɓi kuɗinka.

Kasuwa kam akwai ta. Talata Mafara tana kan babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato, ran Talata kuma garin cika yake da motocin 'yan kasuwa. Ga malaman kwalejinmu ta Abdu Gusau, ga na jami'ar jiha, ga ma'aikatan asibitoci da sakatariyoyin ƙananan hukumomi a Mafara da Bakura da Maradun. Da hunturu ƙura ba ta barin mota ta kwana biyu da tsafta, da damina laka ta karɓi aikin.

Inda gizo ke saƙa shi ne wuta. Kayan aikin nan duk da lantarki suke aiki, kai kuma ba za ka dogara da soket ɗin mai gida ba, don sau da yawa za ka tarar babu wutar Nepa. Da an zo nan sai ka ji kowa ya ce, “Ai sai na fara sayen janareta.” Nan ne jarin mutane da yawa ke nutsewa. Janareta ko batir shi ne abin da ya kamata ka saya daga ƙarshe, bayan ka san kayan aikinka, ka san minti nawa suke yi a kunne, ka kuma san da me za ka ɗauke su. Wanda jarinsa gudummawar yaya ne ko kuɗin adashen mahaifiya ba ya da damar saye sau biyu.

Wat daban, wat-awa daban

'Yan sashen lantarki ku yi haƙuri, ga sauran 'yan'uwa zan yi wannan bayani. Ka ɗauki tankin ruwa mai famfo. Faɗin bakin famfon shi ke nuna ruwan da zai iya fita lokaci guda, wannan shi ne misalin wat. Yawan ruwan da ke cikin tankin shi ke nuna tsawon lokacin da za ka yi kana ɗiba, wannan shi ne misalin wat-awa. Na'ura mai cin wat 1,000 idan ta yi awa guda a kunne ta sha wat-awa 1,000. Idan rabin awa ta yi, ta sha 500.

Kowace na'ura tana da ɗan faranti ko takarda a jiki inda aka rubuta abin da take ci. Waɗanda ake amfani da su a wannan sana'a yawanci haka suke: injin feshin ruwa mai aiki da wutar bolt 230 yana cin wat 1,400 zuwa 2,000, injin zuƙe ƙura wat 1,000 zuwa 1,400, injin goge fenti don ya yi sheƙi wat 900 zuwa 1,200, fitilar aiki kuwa ba ta wuce wat 20 zuwa 30 ba.

Yanzu mu lissafa mota guda. A ce injin feshinka wat 1,500 ne. Ko da wankin ya ɗauki awa, lokacin da yatsanka ke kan kunamar feshi bai fi minti 8 ba, sauran duk shafa sabulu ne da dirza da gogewa. Wat 1,500 na minti 8 ya ba da wat-awa 200. Injin zuƙe ƙura mai wat 1,200 na minti 10 shi ma wat-awa 200. Jimla 400 ke nan kan kowace mota.

Ka lura da abin da lissafin ya nuna. Wankin mota yana son wuta mai ƙarfi, amma na ɗan lokaci kaɗan. Famfo mai faɗin baki yake so, tankin ba sai ya yi girma can ba. Wanda ya gane wannan ya gama rabin zaɓi.

Fizgar farko da rubutun kan kwali

Akwai abu biyu da ke yaudarar mai saye. Na farko, duk na'ura mai juyawa tana fizgar wuta a daƙiƙar da aka kunna ta, wani lokaci ninki biyu ko uku na abin da aka rubuta a jikinta, kafin ta daidaita. Injin feshi ya fi kowa wannan hali, domin duk sanda ka saki kunama yana tsayawa, duk sanda ka danna yana sake tashi. A mota guda sai ya yi fizga ashirin. Tushen wutar da ba ya da sarari a sama zai riƙa durƙushewa ko ya yanke.

Na biyu, janareta da inbata da kVA ake tallar su, kayan aikinka kuwa da wat aka rubuta su. A ƙa'idar da aka saba, ana ninka kVA da 0.8 a samu kilowat. Janareta mai kVA 2.5 abin da zai ba ka bai wuce wat 2,000 ba. Sannan a jikinsa akwai lamba biyu, ɗaya ta abin da yake iya bayarwa a kai a kai, ɗaya ta ƙololuwar da yake taɓawa na 'yan daƙiƙoƙi. Mai shago babbar zai nuna maka, kai ƙaramar za ka duba. Ga zafin bazararmu da ke haura digiri 40, shi ma yana rage wa inji ƙarfi. Don haka ka bar sararin aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu tsakanin abin da kayanka ke ci da abin da tushen wutar ke bayarwa, kuma kada ka kunna manyan na'urori biyu lokaci guda.

Janareta

Mu fara da ɗan ƙaramin nan da masu aski da masu cajin waya ke amfani da shi, wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Duk da lamba 950 da ke jikinsa, abin da yake bayarwa a kai a kai wajen wat 650 ne. Ba zai tada injin feshi mai wat 1,500 ba, ko injin zuƙe ƙura ba zai ɗauka ba. Arahar sa ba ta da amfani gare ka.

Wanda zai yi aikin shi ne mai kVA 2.5 zuwa 3, irin su Sumec Firman da Elepaq da suka cika kasuwa. Alherinsa a fili yake: muddin akwai mai, akwai wuta, ko mota goma ce. Yana ɗaukar injin goge fenti, wanda kan yi awa yana aiki. Idan ya lalace kuma akwai masu gyara da kayan gyara a cikin gari.

Amma yana da nauyi, kilo 40 ko fiye kafin a zuba mai. Yana da ƙara, kuma ba kowane mai gida ke son a tada masa janareta a ƙofa da asuba ba, balle a harabar asibiti ko kusa da aji. Babbar matsalarsa ita ce da awa yake shan mai, ba ruwansa da ko kana feshi ko kana dirzar taya. Mai wannan girma yakan sha wajen lita guda a awa idan yana ɗauke da kaya, idan ba ya ɗauke da komai ma ba ya daina sha. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, a 2024 kuma ta haura 1,000 a wurare da yawa. A ce lita naira 1,000 ce, ka bar janareta na ruri tsawon wankin awa guda, to kusan naira 1,000 ta tafi a mota ɗaya, alhali aikin wutar na minti 18 ne. Ka cire wannan daga kuɗin wanki, ka cire na ruwa da sabulu da man babur, ka ga abin da ya rage. Dabarar ita ce ka tsara aikin: ka tada inji ka zuƙe ƙura ka jiƙa mota, ka kashe, ka yi sabulu, ka sake tadawa ka ɗauraye.

Akwai kuma janareta mai inbata a ciki, wanda ke rage gudu idan kaya sun ragu. Ya fi sauƙin ɗauka, ya fi shiru, ya fi tattalin mai. Sai dai yana da tsada, kuma idan allon lantarkinsa ya ƙone ba kowane mai gyara ke taɓa shi ba, sai ka nufi Gusau ko Sakkwato, wani lokaci har Kano.

Batir da inbata

Batir ba ya shan komai idan ba a ja wuta ba, don haka ya dace da aikin da ake yi ana tsayawa. Ba ƙara, ba hayaƙi. Amma a nan ma lissafi ne zai cece ka.

Ka ninka bolt da amfiya-awa ka samu wat-awa. Babban batirin nan na gubar dalma mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce. Sai dai idan kana son ya yi ƙarko, rabi kawai za ka riƙa ja, wato 1,200. Inbata ma tana cin nata kason, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Bugu da ƙari, injin wat 1,500 a kan bolt 12 yana jan amfiya sama da 125, kuma batirin dalma idan aka zuƙe shi da gaggawa haka ba ya ba da duk abin da ke cikinsa. A ƙarshe mota biyu za ka wanke, da ƙyar uku, ga shi nauyinsa ya kusa kilo 60. Ƙari a kan haka zafi na gajarta masa kwana. A gida cikin inuwa yana da kyau, a bayan babur kuwa wahala ce kawai.

Batirin litiyam, musamman nau'in da ake rubuta wa LiFePO4, shi ne ya canza lissafin. Ana iya jan kashi 80 zuwa 90 na abin da ke cikinsa, yana jure caji da saukewa sau dubbai, nauyinsa kuma bai kai rabin na dalma ba. Mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa kusan 1,280, nauyinsa wajen kilo 12. To amma ga tarkon: a cikinsa akwai allon kariya da ke ƙayyade amfiyar da za ta fita, yawanci 100 ga mai wannan girma. Wato ba zai wuce wat 1,280 ba, injin feshinka na tashi zai yanke. Wanda zai ɗauki manyan kaya sai mai bolt 24. Mai amfiya-awa 100 a wannan bolt yana da wat-awa 2,560, ya isa mota huɗu zuwa biyar.

Game da inbata, ka nemi mai ba da tsaftatacciyar wuta irin ta Nepa, wadda masu shago ke kira fiyo sayin. Mai arahar nan da ke ba da wuta mai gargada tana sa na'urori masu juyawa gurnani da zafi, tana kuma kashe su da wuri. Akwai kuma akwatunan wuta da aka haɗa batir da inbata da caja wuri guda, irin na EcoFlow da Bluetti. Suna da daɗin ɗauka, amma kafin ka yi sha'awa ka duba lamba biyu: wat nawa yake bayarwa a kai a kai, wat-awa nawa yake ɗauke da shi. Da yawa daga cikin ƙananan don kwamfuta da fanka aka yi su.

Sola

Rana kam Allah ya ba mu. A yankinmu ana lissafa awa biyar zuwa shida na rana mai ƙarfi a yini. Amma sola ba ta tada injin feshi kai tsaye, aikinta cika batir ne. Faranti mai wat 300, bayan an cire asarar zafi da waya da caja, yakan tara wat-awa 1,100 zuwa 1,200 a yini. Mai wanke mota biyar da manyan kaya yana buƙatar sama da 2,000, wato faranti biyu. Kowanne tsawonsa ya haura mita ɗaya da rabi, nauyinsa ya kusa kilo 20, kuma gilashi ne. Ba abin yawo da shi ba ne a kan hanya mai ramuka. Wurinsa rufin gida.

Wani zai ce, to ai lokacin da rana ke bugawa batirin yana wurin aiki. Amsar tana cikin sana'ar kanta. Ba a wanke mota da tsakar rana, domin ƙarfe ya yi zafi, sabulu na bushewa kafin a ɗauraye, ya bar tabo a fenti da gilashi. Aikin na safe ne da yamma. Ka fita bayan asuba, ka dawo kafin sha ɗaya ka jona batir, bayan la'asar ka sake fita. Da hunturu kuma ka riƙa share farantin a kai a kai, don ƙurar da ke kawo maka kasuwa ita ce ke rage masa ƙarfi.

Hanyar da ba a cika kulawa da ita ba

Duk abin da muka lissafa a sama ya taso ne daga zaton cewa dole sai da manyan kayan bolt 230. Idan ka canza kayan aikin, matsalar wutar kanta sai ta ƙanƙance.

Akwai ɗan famfo mai aiki da bolt 12 kai tsaye, ɗan'uwan wanda ke cikin injin feshin magani na goyo mai batir da manoma ke amfani da shi. Yana cin wat 60 zuwa 80, yana ba da lita huɗu zuwa biyar a minti, yana kuma jan ruwa daga bokiti ko jarka da kansa. Minti 10 na feshi bai kai wat-awa 15 ba. Ka haɗa da ƙaramin injin zuƙe ƙura na bolt 12 mai wat 100 na minti 15, wat-awa 25. Mota guda ba ta wuce 50 ba, kashi ɗaya bisa takwas na lissafinmu na farko. Batirin litiyam mai amfiya-awa 50 zai yi mota goma, faranti guda mai wat 100 kuma ya kusa mayar da abin da ka sha a yini. Ba inbata, ba fetur, kuma duk kayan za su shiga akwati guda.

Iyakarsa ita ce ƙarfin feshi. Wannan famfo yana ba da matsi wajen ba 7 ko 8, babban injin kuwa yana haura ba 100. Ga motar malami ko ma'aikaci da ƙura ce kawai ta hau ta, ya wadatar, sauran aikin na soso ne da tawul mai laushi. Ga motar da ta fito daga fadama laka ta bushe a ƙarƙashinta, ba zai iya ba.

Irin wannan mota tana da nata maganin: injin feshi mai nasa injin fetur, wanda ba ruwansa da lantarki sam. Yawancinsu suna ɗauke da inji mai ƙarfin doki 6.5, dangin wanda ke jikin injin ban-ruwa. Nan kuwa mun yi dace. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, noman rani ya zauna a Mafara da Bakura da Maradun, kuma masu gyaran injin ban-ruwa da masu sayar da filogi da kafireto ba sa wuyar samu. Wanda kasuwarsa motocin ɗaukar shinkafa ce da a-kori-kura da taraktoci, wannan ya fi masa janareta da injin lantarki a haɗe.

Gargaɗi biyu a nan. Batirin tada mota ba don a riƙa zuƙe shi har ƙasa aka yi shi ba, 'yan watanni zai yi ya mutu. Sannan kada ka jona kayanka a soket ɗin cikin motar mai mota. Yawanci wat 120 zuwa 180 kawai yake ɗauka, fiyus na iya ƙonewa, idan kuma batirinsa ya yi sanyi mota ta ƙi tashi, ka rasa shi ka rasa duk wanda zai ba labari.

Nauyi da hanya

Kafin ka yanke shawara ka tambayi kanka: da me zan ɗauki kayan? Ka tuna lita guda ta ruwa kilo guda ce. Mota ɗaya na cin wajen lita 50, jarka biyu ke nan, kilo 50. Ka ɗora janareta mai kilo 40, injin feshi, injin zuƙe ƙura, waya, tiyo da bokitai. Wannan kayan a-daidaita-sahu ne ko kura. Mai babur ba zai iya ba, ko ya iya yau ba zai iya kullum ba. Shi ya sa ya fi kyau ka shirya da mai garuwa a unguwar da za ka yi aiki ya kawo maka ruwa can, kai ka zo da kayan aiki kawai. Ka kuma tabbatar injin feshin da za ka saya yana iya jan ruwa daga bokiti, domin wasu sai an jona su da famfo mai matsi.

A cikin garin Mafara gidaje da ofisoshi suna kusa da juna, kana iya komawa gida ka yi caji tsakanin zagayen safe da na yamma. Bakura da Maradun kuwa tafiya ce ta musamman. Ba za ka je don mota guda ba, sai ka tara huɗu ko biyar a rana ɗaya, ka kuma tafi da wutar da za ta ishe su duka. Halin tsaron hanyoyinmu ba sai na faɗa wa kowa ba: ka yi tafiya da rana, ka tambayi labarin hanya kafin ka tashi, kada ka bari magariba ta same ka a tsakani. Kaya marasa nauyi da za ka tattara cikin minti biyar sun fi dacewa da irin wannan zirga-zirga.

Akwai kuma darasin 2021, lokacin da gwamnatin jiha ta hana sayar da fetur a jarka, ta dakatar da kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya saboda matsalar tsaro. Wanda duk sana'arsa ta rataya a kan jarkar fetur ya ga ta kansa a lokacin. Mai batir da faranti a rufin ɗaki bai nemi gidan mai ba.

Ruwa da wuta wuri guda

Wannan sana'a ce da ake riƙe waya mai wuta da jiƙaƙƙen hannu, ana tsaye cikin ruwa. Wutar janareta da ta inbata duk bolt 230 ce, tana kisa kamar ta Nepa. Ka sa na'urar da ke yanke wuta idan ta zurare, mai miliamfiya 30, tsakanin tushen wutar da kayanka. Ka yi amfani da waya mai kauri, milimita 2.5, ba 'yar siririyar nan ta fitila ba, ka kuma warware ta gaba ɗaya, don idan tana naɗe zafi take yi. Mahaɗar waya kada ta kwanta a ƙasa. Ka sa takalmin roba.

Janareta a fili ake tada shi, nesa da taga da ƙofa. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma kashe mutum a rufaffen wuri kamar gareji ko zaure. Kada ka zuba mai yana aiki ko yana da zafi. Batir kuma a sa masa fiyus dab da kansa, a ajiye shi a inuwa, kada a bar shi cikin rufaffiyar mota da rana. Ɗaya daga cikin alheran tsarin bolt 12 shi ne ba ya jan mutum, ko da yake idan wayoyinsa suka haɗu suna iya tada gobara, shi ya sa fiyus ya zama dole.

To, wanne zan saya?

Idan jarinka ɗan kaɗan ne, abin hawanka babur, masu hulɗa da kai kuma malamai ne da ma'aikata, ka fara da famfon bolt 12, ƙaramin batirin litiyam da faranti guda a gida. Idan kasuwa ta buɗe har ka fara goge fenti da wankin kujeru, kana da keke mai ƙafa uku ko wurin ajiye kaya kusa da aiki, sannan ka ƙara janareta mai kVA 2.5 zuwa 3, ko batir mai bolt 24 da inbata idan aljihu ya kai. Idan motocin gona da na kasuwa ka nufa, injin feshi mai fetur ne naka.

Ran da za ka shiga kasuwa, ka fara sayen kayan aikin, ka rubuta wat ɗin kowanne a takarda. Idan ka je wurin mai janareta ko inbata, ka tafi da injin feshinka, ka ce, “Alhaji, a jona mu gani.” A zuba ruwa a bokiti, ka danna kunama ka saki sau goma a jere. Idan ya durƙushe a shago, a ƙofar gidan mutane ma haka zai yi. Ka tambayi garanti a rubuce da inda ake gyara. Batirin litiyam da aka ce sabo ne amma farashinsa ya yi ƙasa da na kowa, ka yi hattara da shi, araha ba ta ado. Idan akwai hali, ka ari janareta ko ka yi hayarsa na mako guda, ka rubuta man da ya sha da motocin da ka wanke, ka ga ko ribar za ta ɗauke shi.

Abu na ƙarshe, a cikin makarantar nan akwai 'yan sashen lantarki da na kanikanci da suka iya auna wuta da haɗa waya, akwai 'yan sashen kasuwanci da suka iya lissafin riba da faɗuwa. Kafin ka miƙa kuɗi, ka zauna da ɗaya daga kowane ɓangare, ku ɗauki takarda da biro ku yi lissafin nan da ainihin lambobin kayanka da farashin mai na ranar. Allah ya sa wa nema albarka, ya ba mu sa'ar jarabawa.